Yadda Ake Farfesun Kaza da Lemun Tsami da Taliya Irin na Girka a Tukunyar Firesha

Mutanen ƙasar Girka suna da wani romon kaza da suke kira avgolemono. Kaza ake dafawa har ta ba da romo, a zuba shinkafa ko wata ƙaramar taliya mai siffar ƙwayar shinkafa, sannan a kaɗa ƙwai da ruwan lemun tsami a haɗa. Romon yakan fito fari tas, da ɗan kauri, har wanda bai sani ba zai rantse an sa madara, alhali ko ɗigo babu. Shi suke yi wa mai mura, shi suke sha lokacin sanyi. A daren bikin Ista ma da wannan haɗin ƙwai da lemo suke ƙarasa wani romo na kayan cikin ɗan rago da suke kira magiritsa. Turkawa su ma suna ɗaure romo ta wannan hanya.

A tukunyar gargajiya aikin yakan ci awa biyu ko fiye idan kazar ta tsufa. Tukunyar firesha tana rage shi zuwa kamar awa ɗaya ko ɗaya da rabi, har da yanke-yanke. Sai dai a nan ne masu gaggawa suke ɓata girkin: su zuba kaza da taliya da lemo gaba ɗaya, su rufe, su jira fito. Abin da ke fitowa shi ne taliya ta narke, romo ya yi ɗaci, ƙanshin lemon kuma ya bi tururi. Matsin tukunyar na kaza ne da romonta kaɗai. Taliya da lemo da ƙwai ba sa shiga sai an buɗe murfi. Idan uwargida ta riƙe wannan, sauran aikin mai sauƙi ne.

Abin da za ki tanada

Wannan awo na mutum biyar zuwa shida ne, a tukunya mai cin lita 6. Kaza kilo ɗaya zuwa ɗaya da kwata, da ƙashinta. Ruwa lita 2. Albasa babba ɗaya, karas biyu, seleri sanda biyu idan akwai, tafarnuwa ƙwaya huɗu, ganyen bay biyu, tayim rabin ƙaramin cokali, masoro kaɗan, gishiri, da man zaitun babban cokali biyu. Taliya giram 200, wato kamar kofi ɗaya idan ƙanana ce. Ƙwai biyu manya. Ruwan lemun tsami babban cokali huɗu zuwa shida. Sai ɗanyen ganye na yayyafawa a ƙarshe: Girkawa dil suke sawa ko faski, amma lawashi yankakke sirara yana yi.

Man zaitun shi ne na asali, kuma ɗanɗanonsa yana fitowa a romon. Idan babu, man gyada wanda ba shi da ƙarfin ƙanshi zai wadatar. Manja da kori da daddawa kuwa a ajiye su gefe yau, domin za su danne lemon su kuma canja launin.

Maganar lemo tana bukatar bayani. Wanda Girkawa suke amfani da shi shi ne babban nan mai rawayan bawo, wanda guda ɗaya yakan ba da kusan babban cokali uku. Wanda ya fi yawa a kasuwanninmu ƙaramin nan ne kore, kuma yana aiki, amma tsaminsa ya fi kaifi, bawonsa kuma ya fi saurin sa ɗaci. Saboda haka a auna ruwan da cokali, kada a ƙirga 'ya'ya. Idan kore ne, ki fara da cokali uku ki ɗanɗana. Ki murza shi a kan tebur da tafin hannu kafin ki yanka, ki matse ba tare da kin murɗe bawon har ƙarshe ba, ki tace 'ya'yan. Ruwan lemo na kwalba ba na ba da shawararsa a nan, domin a wannan romon lemon ne gaba, duk wani ɗanɗanon da bai dace ba zai fito fili.

Ita kuma taliyar, a kantuna za ki ga an rubuta orzo ko risoni a jikin ledar, Girkawa suna ce mata kritharaki. Idan ba ki samu ba, ki kakkarya doguwar taliya ta kanti gajeru-gajeru, kada su wuce gaɓar yatsa, ko ki nemi makaroni mafi ƙanƙanta. Abin da ake so shi ne ta zauna a cokali tare da romo. Taliyar murji ta gida takan saki gari da yawa kuma tana saurin laushi, don haka idan ita ce a hannu gara a dafa ta daban.

Wace kaza, minti nawa

A nan ne yawancin bayanan girkin da ke yawo a intanet suke yaudarar mai girki a wajenmu. Idan sun ce minti goma, kazar gidan gona suke nufi, wadda aka yanka tana da sati shida ko bakwai. Kazar gida da ta shekara tana tono a tsakar gida ba za ta ji minti goma ba.

Ga abin da za ki bi, ana ƙirgawa daga lokacin da tukunya ta kai cikakken matsi. Kazar gidan gona mai ƙashi, minti 10 zuwa 12. Kazar gida matashiya, minti 20 zuwa 25. Tsohuwar kaza ko wadda ta gama ƙwai a gona, minti 30 zuwa 35. Zabo yana bin lissafin kazar gida.

Ni dai kazar gida na fi so a wannan girki, kuma tsohuwa ta fi. Jijiyoyi da guringuntsin da suke sa ta tauri su ne suke narkewa a zafin tukunya su ba romo jiki, irin wanda idan ya kwana a firiji za ki tarar ya daskare. Idan kazar gidan gona ce kawai a hannu, ki zaɓi cinya da fukafukai da baya. Tsokar ƙirji ba ta da kitse, matsi yana busar da ita ta koma zare-zare. In dole sai an sa ta, a bar ta a jikin ƙashi.

Kafin a ɗora wuta

Ki ɗauki murfin ki ɗaga shi sama, ki leƙa ƙaramar kafar da tururi yake fita. Idan ba ki ga haske ta ciki ba, ki sa tsinke ki share. Ki duba robar da ke zagaye da murfin: idan ta tsage, ta saki, ko ta bushe ta yi tauri, tukunyar ba za ta riƙe matsi ba, tururi zai riƙa fita ta gefe, ruwa ya ƙare kaza ba ta dahu ba.

Dalilin wannan kulawa yana cikin yadda tukunyar take aiki. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa ba ya wuce digiri 100 komai yawan wutar da aka hura. Idan aka kulle tururi a ciki, matsi yana ƙaruwa, ruwan ya kai kusan digiri 120 a tukunyar da ake ɗorawa a kan wuta, ta lantarki kuma ta ɗan gaza haka. Wannan dabara ta daɗe, wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya fito da ita a 1679, kuma shi ne ya ƙirƙiro makarin da ke sakin tururi idan ya yi yawa. Wannan kafar ita ce tsaron tukunyar. Shi ya sa ba a cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, kuma idan abin mai kumfa ne kamar wake ko taliya ba a wuce rabi. Kumfar taliya tana iya hawa ta toshe kafar, wanda shi ne dalili na biyu na barin taliyar a waje.

Romon

Ki wanke kaza ki tsane ta. Ki ɗora tukunya a buɗe a kan matsakaiciyar wuta, ki zuba mai. A ta lantarki, irin su Instant Pot, maɓallin da aka rubuta Sauté a kansa shi ne na wannan aiki. Ki zuba yankakkiyar albasa da seleri da ɗan gishiri, ki riƙa juyawa kamar minti biyar har albasar ta yi laushi ta yi sheƙi. Kada ki bari ta yi ja. Ana son romon ya fito da haske, soyayyiyar albasa kuwa za ta mai da shi ruwan ƙasa. Ki sa dakakkiyar tafarnuwa, ki juya na rabin minti.

Karas kashi biyu za ki yi masa. Ɗaya ki yanka shi gida uku ki jefa yanzu don ya ba romo zaƙi. Ɗayan ki yanka ƙanana ki ajiye, zai shiga tare da taliya, domin minti talatin a matsi zai mai da shi tuwo.

Ki jera kaza, ki zuba ruwa, ki kankare gindin tukunya da muciya ko cokalin katako har ki ji babu abin da ya manne. Tukunyar lantarki takan tsaya da aiki ta nuna alamar ƙuna idan ta ji wani abu ya kama a gindi. Ki sa ganyen bay, tayim, masoro, da gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Dunƙule ba dole ba ne idan kazar gida ce, amma wanda bakinsa ya saba yana iya sa guda ɗaya, sai a rage gishiri.

Kada ki rufe tukuna. Ki bari ya tafasa a buɗe, za ki ga wata kumfa mai launin toka tana taruwa a sama. Ki kwashe ta da ludayi sau biyu ko uku. Minti biyar ne kacal, amma shi ne bambancin romo mai tsabta da mai dauɗa-dauɗa.

Na san akwai wadda ba za ta iya shan farfesu babu yaji ba. Girkawa ba sa sawa, amma ba laifi ba ne. Ki jefa attarugu guda ɗaya ba tare da kin fasa shi ba, ki cire shi bayan an buɗe. Zai ba da ƙanshi da ɗan zafi kaɗan. Wanda bai ishe shi ba a ajiye masa yaji a gefen kwano.

Yanzu ki rufe, ki tabbata murfin ya kulle, ki ƙara wuta. Idan tukunya ta fara fito, ko ƙarfen da ke kan murfi ya fara rawa, ko ɗan madannin ya taso, to matsi ya cika. Daga nan ne agogo yake farawa. Ki rage wuta sosai, daidai yadda za ki riƙa jin ɗan huci a hankali. Barin wuta da ƙarfi ba ya ƙara zafin ciki, gas kawai yake ci yana kuma ƙarar da ruwa. Mai girki da gawayi sai ta janye rabin garwashin.

Idan lokaci ya cika ki kashe wuta, ki bar tukunya ta huce da kanta minti 10 zuwa 15 har madannin ya sauka. Kada ki ɗaga makarin don gaggawa. Tukunya ce cike da ruwa, idan aka saki matsi farat ɗaya romon zai tafasa da ƙarfi a ciki, ya yi feshi ta kafar, naman kuma ya bushe. In kina sauri kuma tukunyarki ta kan wuta ce, ki kai ta famfo ki saki ruwa a hankali a gefen murfi, ba a kan kafar ba. Ta lantarki ba a kusantar da ita da ruwa ko kaɗan. Murfin da ya ƙi juyawa yana nufin akwai sauran matsi, kada a yi masa dole. Wajen buɗewa ki karkata shi tururin ya fita ta can gaba, ba ta fuskarki ba.

Ki tsamo kaza ki gwada: tsokar cinya ta rabu da ƙashi cikin sauƙi, babu ja a gaɓa. Mai ma'aunin zafi ta nemi digiri 74 ko sama. In da sauran tauri, a mayar a ƙara minti biyar. Ki cire ganyen bay da manyan karas da attarugu. Idan mai ya taru da yawa a sama ki rage, ki bar kaɗan. Kazar ta ɗan huce, ki zare fata da ƙashi, ki yayyaga tsokar daidai loma, ki zuba mata ludayi ɗaya na romo ki rufe don kada ta bushe.

Taliya

Ki fara ɗebe romo kofi biyu a wani kwano ki ajiye, na ƙwai ne. Sauran ki mayar kan wuta a buɗe. Idan ya tafasa ki zuba taliya da ƙananan karas, ki juya nan take, domin orzo tana son nutsewa ta kama gindi. Ki duba lokacin da aka rubuta a ledar, ki rage minti ɗaya ko biyu. Yawanci abin yana faɗawa tsakanin minti bakwai da tara. Ki ciji ɗaya: ta dahu amma da sauran ɗan ƙarfi a tsakiya. Za ta ƙarasa a zafin romon.

Idan kin san ba za a cinye a zama ɗaya ba, ki dafa taliyar a wata tukunya da ruwan gishiri, ki riƙa zuba wa kowa a kwanonsa. Taliyar da ta kwana a romo tana shanye shi, da safe sai a tarar da fate.

Ƙwai da lemo

Wannan shi ne wurin da ake jin tsoro, kuma 'yan mintuna ne kawai. Matsalar ita ce ƙwai yana fara daskarewa tun zafi bai kai digiri 70 ba. Idan aka juye shi kai tsaye a tafasasshen romo zai dunƙule ya zama gutsi-gutsi. Idan kuwa aka ɗumama shi sannu a hankali, aka tsinka shi da romo, sai ya bazu ya ɗaure ruwan ya yi santsi.

Ki fito da ƙwai daga firiji tun lokacin da kika ɗora kaza, don sanyinsa ya fita. Ki gwada shi a ruwa yadda aka saba, wanda ya taso sama a yar. Idan na zabi ne ki sa uku a madadin biyu. Ki fasa a kwano mai faɗi, ki kaɗa da maburgi har ya yi kumfa launinsa ya yi haske, kamar minti ɗaya ko biyu. Ki zuba ruwan lemo cokali huɗu, ko uku idan kore ne, kina ci gaba da kaɗawa. Wadda take yi karon farko tana iya dama ƙaramin cokali ɗaya na konfulawa a cikin ruwan lemon kafin ta zuba, yana taimakawa wajen hana ƙwan tsinkewa.

Ki sauke tukunya daga wuta gaba ɗaya, ki mayar da kaza ciki, ki jira tafasar ta tsaya cak. Sai ki ɗauko romon da kika ajiye, wanda yanzu yana da zafi amma ba ya ƙuna sosai. Hannu ɗaya yana kaɗa ƙwai, ɗayan yana tsiyaya romo siriri. Ki naɗe tsumma mai laima ki ɗora kwanon a kai don kada ya riƙa gudu, ko ki kira wani ya zuba miki. Ludayin farko shi ne mai haɗari, a zuba shi kaɗan-kaɗan. Daga na biyu ana iya ƙara sauri. Idan kin gama kofi biyun, ki taɓa gefen kwanon, ya kamata ki ji ɗumi sosai.

Yanzu ki juye haɗin a tukunya kina juyawa a hankali. Nan take launin zai sauya daga ruwan romo zuwa fari mai ɗan rawaya. Ki mayar kan wuta mafi ƙanƙanta na minti biyu zuwa uku, kina juyawa, har ki ga tururi yana tashi kuma romon yana ɗan manne wa bayan cokali. Wannan ne yake ƙarasa dafa ƙwan. Da zarar kin ga alamar ƙwayar tafasa a gefe, ki sauke. Kada ki rufe da murfin firesha, kuma a ta lantarki ki kashe maɓallin suya, zafinsa ya yi yawa.

Ki ɗanɗana. Sau da yawa abin da ake zaton ƙarancin lemo ne, gishiri ne bai ji ba, don haka ki fara gyara gishiri kafin ki ƙara tsami. In har yanzu bai kai ba, ki ƙara lemo cokali ɗaya-ɗaya. Idan lemonki mai rawaya ne, ki goga ɗan bawonsa a kai, saman kawai, kada magogi ya kai ga farin ciki domin nan ɗacin yake. Ki yayyafa ganye da masoro, a kai tebur da zafinsa, da yankan lemo a gefe da burodi.

Idan duk da haka ƙwan ya tsinke, abincin bai lalace ba, kyan gani ne ya ragu. Ki tace romon daga kaza da taliya, ki bari ya ɗan huce, ki markaɗa shi a blenda na 'yan daƙiƙu, kada ki cika ta fiye da rabi, sannan ki mayar. Idan ya yi kauri da yawa, ruwan zafi rabin kofi zai sassauta shi. Idan tsami ya yi yawa, a ƙara romo ko ruwa da ɗan gishiri, sukari ba ya gyara shi yadda ake zato.

Ajiya da ɗumame

Yawancin tukwanen firesha masu araha na alminiyam ne, kuma tsami yana cin alminiyam, ya bar ɗanɗanon ƙarfe a abinci ya kuma ɓata cikin tukunyar. Da an gama zubawa ki juye ragowar a roba mai murfi ko kwanon tangaran. Romo ne mai ƙwai da kaza, bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, a lokacin zafi ma awa ɗaya. A firiji mai sanyi yana kai kwana uku. Inda wuta ba ta tsayawa, gara a yi daidai cin rana ɗaya, domin wannan ba irin miyar da ake tafasawa safe da yamma don kada ta lalace ba ce, tafasa tana tsinka ta.

Wajen ɗumame ki ƙara ruwa kaɗan, ki ɗora a ƙaramar wuta kina juyawa har ya yi zafi sosai har tsakiya, ba tare da ya tafasa ba. Firiza ba ta yi masa kyau bayan an sa ƙwai. Abin da ya fi shi ne ki daskarar da romon da yagaggiyar kazar tun kafin taliya ta shiga, ki raba su a ƙananan robobi. Ranar da ake bukata sai a narkar, a tafasa, a zuba taliya, a kaɗa ƙwai ɗaya da lemo cokali biyu ga kowace lita ɗaya ta romo.